Amsa ga Malamar da hunturun Ingila ya kashe wa jiki

Wa'alaikumus salam Malama. Kin ce tun shigowar Nuwamba jikinki ya mutu, barci ba ya isarki, ga kwaɗayin kayan zaƙi, 'yan ajinki ma sun yi laƙwas, har kina tambaya ko lalaci ne ya kama ki. Wallahi ba lalaci ba ne, kuma kada ki yarda wani ya ce miki raunin imani ne.

Na daɗe ina aiki a wata firamare a Manchester. Hunturuna na farko, cikin duhu nake fita, cikin duhu nake dawowa. A Disamba rana ba ta ɓullowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 magariba ta yi. Mu da muka taso inda ko a tsakiyar hunturu rana ke dukan ƙeya, jikinmu bai san wannan ba. Wata rana na tsinci kaina a ɗakin malamai, shayi ya huce a hannuna, hawaye na zuba ba dalili.

Likita ce ta faɗa mini sunan abin, SAD, wato ciwon damuwa mai zuwa da lokaci. Ƙarancin haske ne ke rikita agogon jiki da sinadarin barci. Ki je wurin GP ɗinki, wato likitan da kika yi rajista da shi a unguwarku, ki faɗa masa komai, kada ki ji kunya. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, na ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, mu masu duhun fata kuwa har shekara gaba ɗaya. Ni na sayi fitila ta musamman mai kwaikwayon hasken rana, mai ƙarfin lux 10,000 (ma'aunin haske ke nan), ina kunna ta kamar minti 30 bayan asuba ina karyawa. Ta taimake ni sosai, amma ki fara tambayar likita, musamman in kina da matsalar ido.

Yaran kuwa, abin da ya fi yi mana aiki shi ne fita waje. Ko da sama ta yi gajimare, hasken fili ya ninka na aji nesa ba kusa ba. Na daina cinye musu hutun rana da gyaran aiki, na ɗage labule, na mayar da darasi mai nauyi safiya. Yaron da ya daina wasa, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, kada ki jira, ki sanar da mai kula da lafiya da tsaron yara na makarantarku a ranar.

Ki samu abokiyar aiki guda ku riƙa zaga fili tare lokacin abincin rana. Allah Ya ba ki lafiya, ki sanar da mu yadda kuka yi da likitan.