Amsa: Ina binciken koyar da ilimin makamashi ya dosa?

Malam, ka tambayi inda masu bincike suka karkata. Binciken DeWaters da Powers na 2011 kan ɗaliban sakandare a jihar New York ya auna abu uku: sani, damuwa da lamarin makamashi, da ɗabi'a. Sun gano tsimin wuta ya fi bin damuwa fiye da sani. Shi ya sa na fi yarda da aikin hannu: ɗalibi ya riƙa karanta mitar gidansu, ya lissafa cewa ƙwan lantarki mai wat 60 a awa 5 yana cin wat-awa 300, ƙwan LED (mai tsimin wuta) mai wat 9 kuwa 45 kacal. Inda ɗalibai suke tuntuɓe shi ne cakuɗa wat da kilowat-awa. Wat ƙarfin jan wuta ne, kilowat-awa (wat-awa 1,000) kuma yawan wutar da aka ci ne, shi mita ke ƙirgawa.