Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Iyakar Ikon Shugaban Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ya kaure a majalisarmu. Wasu sun ce shugaban ƙasa zai iya tuɓe gwamna duk ranar da ya ga dama, wasu sun ce ba huruminsa ba ne. Ku raba mana gardama. (Mai karatu daga Funtuwa)

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Gwamna ba yaron shugaban ƙasa ba ne, jama'ar jiha ne suka zaɓe shi. A tsarin mulkin Najeriya na 1999, tsige gwamna aikin majalisar dokokin jiharsa ne, kamar yadda sashe na 188 ya shimfiɗa. Abin da ke rikita mutane shi ne dokar ta-ɓaci.

Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa damar ayyana dokar ta-ɓaci idan ana yaƙi, ko doka da oda sun rushe, ko wani bala'i ya afka wa jama'a. Amma da sharuɗɗa. Sai an buga sanarwar a mujallar gwamnati ta Gazet, a aika wa shugaban majalisar dattawa da kakakin majalisar wakilai. Idan majalisa na zama, kwana 2 ake da shi ta amince; idan tana hutu, kwana 10. Amincewar kuma sai da kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, ba na waɗanda suka halarci zaman kaɗai ba: sanatoci 73 cikin 109, 'yan majalisar wakilai 240 cikin 360. Wa'adin ya wuce ba a samu wannan adadi ba, dokar ta mutu. In an samu, wata 6 take yi, sai in majalisa ta sabunta.

To, a cikin sashen nan babu inda aka ambaci dakatar da gwamna. Duk da haka an yi. Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye a Filato a 2004, ya naɗa Janar Chris Alli mai ritaya kantoma. Jonathan ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, ya bar gwamnoni a kujerunsu. Tinubu ya dakatar da Siminalayi Fubara a Ribas a watan Maris na 2025. Doka ɗaya ce, kowane shugaba da irin karatun da ya yi mata.

A ganinmu, inda gizo ke saƙar shi ne majalisa. A batun Ribas, da ƙuri'ar murya aka amince, masu cewa e suka ɗaga murya, masu cewa a'a suka ɗaga tasu, aka buga guduma. Ta yaya kunne zai tantance cewa mutum 240 ne suka yi magana? Tsarin mulki lissafi ya nema, kuma lissafi sai an ƙirga kai ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Lokacin juyin mulkin Nijar hankalinmu ya tashi, don muna da 'yan'uwa a Maraɗi. Shin shugaban ƙasa shi kaɗai zai iya tura sojoji yaƙi wata ƙasa? (Wata baiwar Allah daga Jibiya)

Amsa: Hajiya, shi ne babban kwamandan askarawa, amma sashe na 5 ya ɗaure masa hannu a wuri biyu. Ba zai ƙaddamar da yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun biyu sun zauna a zaure ɗaya sun amince. Ba zai tura soja fagen fama a wajen Najeriya ba sai majalisar dattawa ta yarda tukuna. Shi ya sa bayan hamɓarar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Tinubu ya rubuta wa sanatoci game da matakan ECOWAS, su kuma ba su goyi bayan amfani da ƙarfin soja ba, suka ce a bi hanyar sulhu.

Akwai 'yar ƙofa guda. Idan tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta gaggawa, zai iya tura dakaru taƙaitaccen aiki bayan ya shawarci majalisar tsaron ƙasa, sannan ya nemi yardar sanatoci cikin kwana 7 da fara faɗa, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14.

Tambaya: Idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a ƙudiri, shi ke nan an binne ƙudirin? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: A'a. Kwana 30 sashe na 58 ya ba shi. Idan ya ƙi, kowace majalisa ta sake zartar da ƙudirin da kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba da sa hannunsa ba. Haka aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Dalta. Ba kasafai ake yi ba, saboda galibi jam'iyyar shugaban ce ke da rinjaye.

Tambaya: An ce ba a kai shugaban ƙasa kotu. To wa zai hukunta shi in ya yi ba daidai ba? (Mai karatu daga Azare)

Amsa: Rigar kariya ta sashe na 308 ta hana a gurfanar da shi ko a kama shi muddin yana kan mulki. Ba ta hana ƙarar gwamnatinsa, ba ta hana ƙarar zaɓe, kuma ranar da ya sauka ya tuɓe ta.

Kafin nan, hanyar ita ce tsigewa a sashe na 143, kuma doguwa ce. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar tarayya su sa hannu a takardar zargi. Cikin kwana 14 kowace majalisa ta amince da kashi biyu cikin uku cewa a bincika. Alƙalin alƙalai ya naɗa kwamitin mutum 7 da ba 'yan jam'iyya ba, ba ma'aikatan gwamnati ba, su kawo rahoto cikin wata 3. Kwamitin ya wanke shi, magana ta ƙare. Ya same shi da laifi, sai a sake ƙuri'ar kashi biyu cikin uku a kowace majalisa. A 2002 majalisar wakilai ta yi wa Obasanjo barazanar tsigewa, amma ba a kai ga kafa kwamitin ba. Tun 1999 zuwa yau, ba shugaban ƙasar da aka cire ta wannan hanya.