Ba tsinin gindi ne ke dawo da jirgi gida ba

Kai yaro, ka tsare ni da tambaya ina tsakiyar aiki: wai me ya sa ba ma tsananta tsinin gindin ƙananan jiragen kamun kifi, mu mayar da shi kamar bakin gatari tun daga hanci har baya, a ɗora babban inji ya riƙa yanka igiyar ruwa kamar waɗanda kake gani a waya. Da wani ne ya tambaya da na ce ya je ya ci gaba da goge katako. Amma ka taɓo mini wani tsohon miki, don haka ajiye hamar nan ka saurara.

Wannan gindi mai zurfin tsini da ke burge ka, ba ƙarya ba ne, yana aiki. Wani Ba'amurke, Raymond Hunt, shi ya fito da shi, kuma a 1960 jirgin da ya zana mai tsawon ƙafa 31 ya lashe tsere daga Miami ta Amurka zuwa Nassau ta tsibiran Bahamas cikin teku mai hauka. Tun daga nan kowa ya rufa a kai. Gangaren gindin irin waɗannan yakan kai digiri 24 a can baya. To amma tsere suka je, ba jan raga ba. Irin wannan jirgi sai yana gudu yake samun natsuwa. Ka kashe inji, mutum uku su koma gefe ɗaya suna jan raga, ka ga yadda zai kwanta yana tangaɗi kamar ɗan maye. Ga shan mai, don kafin ya ɗago ya hau saman ruwa sai inji ya yi gumi. Shimfiɗaɗɗen gindi kuwa yana tsaye daram in ruwa na kwance, amma ka fita da shi teku, duk igiyar da ya haɗu da ita sai ta mare shi, ƙusoshi su saki, bayan matuƙi ya ƙage. Shi ya sa nake ba hanci tsini, in bar gindin yana buɗewa a hankali, ya isa baya da digiri 12 zuwa 16. Yadda ake auna wannan ba zan tsaya koya maka ba, wanda ya shekara biyu a nan bai gane ba sai ya nemi wata sana'a.

Batun babban inji kuma, ku yaran yanzu kun ɗauka ƙarfin doki ke maganin komai. Jirgin da nauyinsa ya hana shi hawa saman ruwa yana da iyakar gudu, kuma tsawonsa ne ke yanke ta. Wanda tsawonsa a layin ruwa ƙafa 25 ne, da ya kusa mil 7 na teku a awa, wato kilomita 12 da 'yan kai, shi ke nan ya fara hawa tudun igiyar da shi kansa ya tayar. Ƙara wuta, sai baya ya nutse, hanci ya kalli sama, mai ya ƙone a banza. Wani injiniyan Ingila, William Froude, ya gano wannan tun a shekarun 1870 da 'yan ƙananan jirage a cikin tafkin gwaji.

Yanzu ga mikin. Na taɓa ƙera wa wani mutum jirgi mai ƙafa 25, ba zan kama sunansa ba. Wata huɗu na yi a kansa. Katakon ƙashin bayan da kaina na zaɓo, na ƙwanƙwasa na ji amonsa. Allon baya, inda ake maƙala inji, na yi shi don inji mai ƙafa doguwa, wato sandar da ke kai farfela cikin ruwa, inci 25. Saura kwana kaɗan a sa shi a ruwa, sai ga mutumin da injuna biyu na hannu da ya samu da araha, masu ƙafa inci 20. Ya ce in rage allon farfela ta samu ruwa. Na ce ba zan yi ba. Ya yi ta zarya yana daɗin baki, Malam kaza Malam kaza, ai inci biyar ne kawai. Sulusin kuɗin aikina na hannunsa, ina da yara biyar da zan sallama. Wallahi har yau ina jin ƙarar zarton nan a kunnena, don da hannuna na yanke. Ban sa shi ya rubuta ko layi ɗaya cewa shi ya nema ba. Wannan wautata ce, ba ta kowa ba.

Da ya tafi da jirgin sai ya ƙara nasa. Ya kafa akwatin ƙanƙara a kan daɓen sama, wurin da na ce masa kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, a tsakiya. Nauyin injuna biyu ya danne baya har ramukan da na huda don ruwa ya riƙa fita suka koma ƙarƙashin ruwa, suna shigo da shi maimakon fitarwa. Maganinsa? Ya toshe su da tsumma da guntun katako.

Fita ta shida ke nan suka cika da kifi, suna dawowa igiya na bin su ta baya, daidai bakin kogi inda yashi ke sa ta miƙe tsaye. Matuƙin ya tsorata ya sassauta wuta lokaci ɗaya. Igiyar da ke bayansa ta tsallako ta kan allon da na rage. Lissafa da kanka: daɓe mai tsawon mita 6 da faɗin mita 2, ruwan da bai wuce santimita 10 ba a kansa ya haura tan ɗaya. Kuma tan ɗin kifi da tan ɗin ruwa ba ɗaya ba ne, kifi yana zaune inda ka ajiye shi, ruwa kuwa duk gefen da jirgi ya karkata can yake rugawa gaba ɗaya ya ƙara danne shi. Igiya ta biyu ta ɗaga bayan, hanci ya cake a ruwa, jirgin ya juya ya ba ta haƙarƙari. Ta uku ta kifar da shi. Allah ya taƙaita, wasu masunta na kusa suka tsamo mutum ukun da ke cikin jirgin da ransu. Ka lura, da a ce na yi wa hancin nan zurfin tsinin da kake so, da tun kafin ruwa ya shiga ma zai riƙa cakewa yana juya su, don hanci mai zurfi in igiya na turo ka ta baya shi ke ƙwace tuƙi daga hannunka.

Washegari mutumin nan ya bi mashigin jirage yana shela wai na ƙera masa akwatin gawa. Tsumman da ya cusa bai ambata ba, akwatin ƙanƙara bai ambata ba. Na je da kaina inda aka jawo jirgin, na zaro tsumman daga ramin na ɗaga wa mutane, shuɗi ne, hannun wata tsohuwar riga. Amma kowa idonsa na kan allon baya, ga sawun zarto na, wa zai musa? Sulusin kuɗina ya bi ruwa, mutum biyu da suka ba ni aiki suka janye, na shekara ina facin jiragen wasu kafin a sake amincewa da ni da sabo. Shi kuwa na ji ya sayi na faiba, yana yawo yana cewa katako ya tsufa.

Jirgin da ke gabanka ɗin nan allonsa inci 25 ne, ga rijiyar inji a gabansa da za ta tare ruwa. Mai shi zai zo gobe, na ji ana cewa ya samo inji mai araha. In ya zo ba na nan, ka ɓoye zarto.