Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗiyata ta iya canji amma x ya gagare ta

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Tawa, ɗiyata tana aji na 4e a CEG (ƙaramar sakandare), ita ke tsare mini tebur in na shiga gida kuma wallahi ba ta taɓa ɓata canji ba ko na dala, amma tun da suka fara lissafin nan mai x, 5 ko 6 bisa 20 take kawowa. Mushensu (malaminsu) ya ce ba ta maida hankali. Baɗi za ta yi BEPC, jarrabawar gama CEG, mi zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi raya mana ita. Ki kwantar da hankalinki, yarinyar da za a miƙa ma jaka guda (dala ɗari biyu) a ɗauki kayan dala tamanin da biyar ta maido ɗari da sha biyar ba tare da ta taɓa bik ba, wannan kanta na ja, kuma ni ban yarda rashin maida hankali ba ne. Abin da na fi zato shi ne ta hardace doka ba ta san dalilinta ba.

Ki gwada ta da wannan yau da dare. Kaye (littafin rubutu) uku da bik ɗaya na dala ashirin an biya dala ɗari da saba'in, nawa ne kaye guda? Za ki ga nan take ta ce hamsin, don ta cire kuɗin bik ta raba saura gida uku. To shi ne fa abin da mushe ke rubutawa a tablo da faran (dala ɗaya faran biyar ce), 3x + 100 = 850, x ɗin nan kuɗin kaye ne kawai da ba a faɗa ba tukuna. Inda yara ke faɗuwa, an ce musu lamba in ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama, sai su samu 3x = 750 lafiya lau, daga nan su tsallakar da 3 ɗin ma su rubuta 750 − 3 = 747, alhali ukun nan ninkawa take ba tarawa ba, rabawa ce ke warware ta, 750 ÷ 3 = 250, dala hamsin ke nan. Wannan kuskuren yana ba ni takaici sosai don yaran da suka fi iya kasuwa ma suna yin shi.

Ta bar zancen tsallakawa, ta riƙa ganin abin kamar sikeli, duk abin da ta cire a hannun dama ta cire irinsa a hagu, in ta raba nan ta raba can. Kuma kada ta miƙa takarda sai ta maida amsarta cikin tambaya, 250 sau uku 750, a ƙara 100 ya ba da 850, ya zauna. Da ta gwada 747 da kanta za ta ce kai, wane irin kaye ne wannan.

Wani abu kuma, Faransancin ma kan tare hanya. Ki sa ta fassara miki kowace tambaya da Hausa kafin ta fara, ko ba ki yi lakwal ba za ki gane in ta fahimta. Al-Khawarizmi da ya tsara ilimin nan a Bagadaza wajen shekara ta 820 da kalmomi ya yi shi babu x ko ɗaya, kuma da yawan misalansa na rabon gado ne da ciniki. Tambaya biyu kowane dare bayan isha'i sun wadatar, amma kullum.

TAMBAYA: Malam ni ɗan 3e ne a Yamai, akwai manhajar da nake ɗaukar hoton tambaya ta ba ni amsa, laifi ne?

AMSA: Ɗana, ranar BEPC ba a shiga da waya. Fara yi da hannunka a kaye har ƙarshe ko da ba daidai ba ne, sannan ka buɗe wayar ka nemi layin da kuka rabu da ita, ka rufe ka sake yin tambayar daga farko.