Amsa ga Ɗana na Kano a kan Shanun Damagaram

Ɗana, saƙonka ya iso ni lafiya, kuma na karanta tambayoyinka guda biyu. Ka ce a wajenku maganar killace shanu a wuri ɗaya ta cika gari, har gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa ma'aikatar kiwo ta musamman a 2024, don haka kana son sanin abin da ya hana mutanenmu na Damagaram yin haka su huta da yawo. Sannan ka tambayi dalilin da ya sa makiyayi yake riƙe garke har yunwa ta ƙarar masa da shi, alhali ga kasuwa tana ci. Na ce mutanenmu, domin ko da yake a Kano aka yanke mini cibiya kamar mahaifinka, na haura shekara 40 ina shan ruwan garin nan, kuma duk abin da na mallaka daga cinikin dabbobi ya fito.

Abin da mutumin Kano ba ya sawa a lissafi idan yana wannan magana shi ne ruwan sama. Ruwan da ke sauka a birnin Damagaram a shekara bai cika wuce milimita 400 da 'yan kai ba, wato kusan rabin naku, kuma da ka nausa arewa wajen Tanut, ƙasar Damargu, sai ya ƙara raguwa. Ƙarancin ma da sauƙi, da a ce yana sauka daidai wa daida. Sai ka ga hadari ya zubar da ruwa a wannan kwari ciyawa ta kai gwiwa, ka yi tafiyar rabin yini ka tarar da fako ƙayau, baɗi kuma abin ya juya. Ma'aikatan kiwo na nan suna lissafa cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata kowace rana, kuma rani a nan wata 9 ne, ka ga saniya ɗaya tana neman kusan kilo 1,700 kafin sabuwar ciyawa ta fito. Wanda ya kewaye fili da waya ya zuba shanu ɗari a ciki ya ɗaure arzikinsa ga hadarin da zai bi ta kan wannan fili kaɗai, ranar da hadari ya kauce masa kuwa, sai dai ya sayi wannan ciyawa duka da kuɗi ya kawo ta a mota. Makiyayi ba shi da rumbu, ƙafarsa ce rumbunsa.

Hukumar ƙasar nan ta Nijar ta daɗe da gane haka. Tun 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, aka ce abin da ke bayanta na kiwo ne. A 1993 aka kafa kundin dokokin karkara, wanda ya samar da kwamitocin kula da filaye daga ƙauye har gunduma, sannan a 2010 aka yi dokar kiwo wadda ta rubuta ƙarara cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, kuma ba wanda zai mallake dajin kiwo shi kaɗai. Gwamnati tana da nata gandun shanu, irin su Tukunus inda ake kula da irin Azawak da Sayam ta jihar Diffa inda ake kula da irin Kuri, amma waɗannan wurare ne na adana iri, kuma shanun da ke cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis ba daga can suke fitowa ba.

Yadda shekara ke tafiya a wajenmu shi ne, da damina ta kankama garkuna suna haurawa arewa su bar wa manoma gonakinsu, su sha ruwan tabkuna, su lashi ƙasa mai gishiri da kanwa. Idan tabkuna suka fara ƙafewa sai su juyo kudu, amma ba su da izinin shiga ƙasar noma sai ranar da gwamna ya sanar, wadda muke kira ranar sakin gonaki. Lokacin da na zo ƙasar nan, manomi ne yake roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa, ya ba shi damin gero da ruwan rijiya domin shanu su kwana su bar masa taki, matan ruga kuma su kawo nono su karɓi hatsi. Yanzu kafin a saki gonaki an riga an kwashe kara da harawa an ɗora bisa itatuwa da rufin ɗakuna, domin manomin shi ma ya zama mai dabbobi, kuma ya san kuɗin da damin harawa zai yi a watan bazara. Ban ga laifinsa ba. Jama'a ta ninka, gona ta tsufa, kuma wanda ke da shanun huɗa biyu da tumakin matarsa dole ya fara da na gida. Abin da ya ɗan rage zafin lamarin a Magarya da Matamai da Mirya shi ne gawo, wanda manoma suka koma bari yana tsirowa a gonaki maimakon sare shi. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa, yana kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, kuma 'ya'yansa suna faɗowa daidai lokacin da dabba ba ta da abin ci.

Burtali kuwa, wanda shi ne hanyar hawa da sauka, kullum ƙara tsukewa yake yi. Wannan ya ci taku biyu bana, maƙwabcinsa ya ci uku baɗi, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma wadda saniya ba za ta wuce ba sai ta sa baki a gero, daga nan kuma sai ƙara gaban mai gari da biyan ɓarna, wani lokaci har da zubar da jini. Inda kwamitin filaye ya kafa turakun siminti abin yana da dama. Sai dai ko inda burtali ya tsira, wata ciyawa da muke kira garmani ta mamaye shi, dabba ba ta damu da ita ba, ita kuma tana kashe ciyawar kirki. Gamba da na sani a dazukan kudu ta zama abin nema, sai a gefen gonar wanda ya dasa ta don zana.

Akwai wani ɓangare na laifin da ya hau kanmu mu mutanen gari, kuma ba zan ɓoye maka ba. Idan ka tsaya a hanyar Tanut da sassafe a watan sanyi, za ka ga amalanken shanu da na jakuna a jere, kowanne an yi masa lodin hakin daji har ba a ganin mai tuƙi, suna shigowa birni. Wannan haki da manjagara aka kankare shi daga dajin kiwo, har da irin da zai tsiro baɗi, kuma mu ne masu saye domin ragunan da muka ɗaure a gida. Makiyayin da ya baro wuri da niyyar dawowa gare shi a ƙarshen rani sai ya tarar an share shi kamar tsakar gida. Haka kuma attajiran gari, da manyan ma'aikata, sun sayi garkuna sun ba 'ya'yan waɗanda fari ya talauta suna yi musu kiwon haya, wasu har sun gina rijiya a daji, kuma wanda ya riƙe rijiya a ƙasar da ba ruwa ya riƙe duk ciyawar da ke kewaye da ita ko da bai kafa waya ko ɗaya ba. Killacewar da ta fara shigo mana ke nan, kuma ba ta ƙara ciyawa ko ƙwaya ɗaya ba, ta dai canza mai cin ta.

Tambayarka ta biyu ta fi wuya, domin akwai gaskiya a cikinta. Amma ka sani makiyayi yana sayarwa, kullum ma cikin sayarwa yake: bijimai, da tsofaffin shanu, da waɗanda suka daina haihuwa, da awaki idan bukatar ƙarama ce. Abin da yake riƙewa shi ne shanu mata masu haihuwa, domin karsana ba ta cika haihuwar fari ba sai ta kai wajen shekara 4, kuma a daji ba kowace shekara take haihuwa ba, saboda haka wanda ya sayar da uwayen garke ya sayar da nonon 'ya'yansa da aikin shekara goma. Ga shi kuma ba wanda ya san ranar da ruwa zai sauka. Idan ya sayar a watan Janairu ruwa ya zo da wuri, ya yi asara a banza, idan ya jira har Yuni ruwa ya yi jinkiri, kowa ya kawo nasa kasuwa a rana ɗaya, kuɗin dabba ya faɗi daidai lokacin da kuɗin tiyar gero ya tashi.

Ni kaina na faɗa wannan rami a 2010. Ina da shanu a hannun wani amini na Bafulatani a ƙasar Gure, kuma tun bayan kaka ya aiko mini cewa ciyawar bana ba za ta kai ba, in rage garke ko in yarda ya gangara da su kudu. Na yi ta ja masa rai ina jiran farashi ya gyaru. Da na je a watan Yuni, na tarar kowace safiya sai an taru mutum huɗu ana ɗaga saniya, biyu a wutsiya biyu a ƙaho, a tsayar da ita bisa ƙafafunta, domin idan ta kwana biyu a kwance ba ta ƙara tashi. Mahauta sun kafa rumfuna a bakin kasuwa suna yanka suna banda, ana loda naman a buhuna zuwa wajenku, kuma na ga an sallama saniya a kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Da ruwan ya zo kuma, ya zo da ƙarfi da sanyi, sai ya ƙarasa waɗanda yunwa ta bari. Aminin nan nawa bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Shi da kansa ya farfaɗo ne ta hanyar habbanaye, al'adar da ɗan'uwa ke ba ka aron saniya ka riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama naka, uwar ta koma gidan mai ita. Wannan al'ada tana aiki ne idan akwai wanda fari ya tsallake, shi ya sa 'yan'uwa ba su cika tara garkunansu a daji ɗaya ba.

Sai maganar kasuwa, wadda rabinta a hannunku take. Mafi yawan dabbobin da ake fitarwa daga jihar nan Najeriya suke tafiya, daga kasuwannin Bakin Birji da Kundumawa da Gidigir da ta birni, su bi ta Maigatari ko Mai'aduwa, wasu har Legas. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ko naira a tukunyarmu yake ƙarewa. Yunwar 1984 har yau da sunan Buhari ake kiranta a nan, domin fari ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatinsa ta soja ta yi, dabba ba ta fita, hatsi ba ya shigowa. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Naira kuma ta yi mana illar da ta fi ta rufe iyaka daɗewa. Mu da sefa muke saye, kuma jaka ɗaya, wato sefa 1,000, wadda a 2014 ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura naira 2,000. Falke zai sayar da sa a Maigatari a kuɗin da mahaucin Kano ke kuka da tsadarsa, ya zo wajen 'yan canji ya tarar ko uwar kuɗinsa bai mayar ba, ga kuɗin mota, ga la'adar dillali, ga na duwan, wato kwastan. Asarar kuwa gangarowa take yi har ta isa kan mai garke, domin mako mai zuwa falken zai taya ƙasa da yadda ya saba. A 2025 kuma gwamnatinmu ta hana fitar da dabbobi gab da babbar salla don rago ya yi sauƙi a gida, mai layya ya ji daɗi, wanda ya yi wata shida yana ciyar da rago da niyyar kasuwar Najeriya kuwa ya kwana da ciwon kai.

Hanyar kudu ma da garkuna ke bi idan rani ya tsananta ba kamar da take ba. Satar shanu a dazukan Zamfara da Katsina ta sa da yawa sun daina tsallakawa, jihar Binuwai ta hana kiwon sake tun 2017, rikicin tabkin Chadi kuma ya turo makiyayan Diffa yamma zuwa ƙasar Gure. Dabbobin da ya kamata su warwatsu a ƙasashe uku sun taru a kan rijiyoyi ƙalilan.

Kada ka ɗauka ba mu san ɗaure dabba ba. Turka sana'a ce babba a nan, musamman ga mata, kuma da wuya ka shiga gida a unguwar Birni ko Zango ba ka ga rago a turke ba. Ana sayen ramammen sa ko ɗan rago bayan kaka, a ba shi harawa da dusa da angurya da ɗan kanwa wata uku zuwa shida, a sayar. Wannan yana biya, idan an sayi abincin tun yana da araha. Amma dabbar da ake turkewa a daji aka haife ta, kuma arahar da ta sa turka ke da riba daga ciyawar da uwarta ta ci kyauta a arewa ta fito. Idan kuɗin da ka ce kana son sawa a kiwo suna nan, shawarata ita ce ka fara da bijimai biyu ko uku na turka a nan gidana, ka aiko da kuɗin harawa tun watan Nuwamba kafin ta hau, a yi musu allurar ciwon huhu, mu ga abin da za su bari bayan an cire canji. Maganar garke kuwa ka bar ta sai ka zo da kanka mun je Gure ka kwana biyu a bakin rijiya a watan Mayu. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da sauran mutanen gida.