Amsa kan kwalbar inabin Jamus mai rubutun "trocken" da "Bio"

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka a Jamus ya ba ka farin ruwan inabi na yankin Mosel, jikin kwalbar an rubuta "trocken" da "Bio", kana tambaya ko hakan na nufin babu barasa. A'a, giya ce, kada rubutun ya ruɗe ka.

"Trocken" yana nufin an bar ruwan inabin ya yi tsami har yis ya cinye kusan duk sukarinsa, sukarin nan kuwa shi ne ya koma barasa. Shi ya sa babu zaƙi. Juya kwalbar, za ka ga adadin barasar, yawanci kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari.

"Bio" kuma galibi maganar noma ce: ba takin zamani, ba maganin ciyawa na kamfani.

Noman nasu dai abin kallo ne. Galibi irin inabin da ake kira Riesling ne a gangaren duwatsu bakin kogin Mosel, wasu wuraren, kamar Calmont kusa da Bremm, ko tarakta ba ta hawa, da hannu ake tsinka. Tsofaffin kurangar inabin kuwa, 'ya'yansu kaɗan ne, shi ke ƙara musu tsada.

In marar barasa kake nema, duba wanda aka rubuta "Traubensaft".