Tsohon mijina yana bin wuraren da na yi aiki yana tono: me zan yi?

Tambaya: Barista, mun rabu da mijina, yaranmu biyu suna hannuna, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 4. Ya kai ni Kotun Shari'a a nan Zariya yana neman a ba shi su. Yanzu na samu labarin ya je wata makaranta a Sabon Gari da wani kantin magani a Tudun Wada inda na taɓa aiki, yana tambayar dalilin barina, har yana cewa wai kora ta aka yi saboda kuɗi sun ɓata. Ina mafita?

Amsa: Malama, Allah ya kawo sauƙi. Zuwansa ya yi tambaya kawai ba laifi ba ne a doka, domin mai ƙara yana da damar neman shaidu. Inda doka za ta kama shi shi ne abin da ya faɗa a kanki, da irin hanyar da ya bi. Kuma ki san abin da yake nema: yana son ya nuna wa alƙali ba ki da amana.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi, uwa ce ta fi cancantar riƙon yara bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Wannan haƙƙi yana faɗuwa ne da dalili, kamar taɓin hankali, rashin amana, cuta mai yaɗuwa, wurin zama marar tsaro, ko ki auri wanda ba muharramin yaran ba. Ko haƙƙin ya faɗi ma, ba kai tsaye yake komawa ga uba ba. Mahaifiyarki tana gabansa a layi. Ciyarwa, tufafi da magani kuwa suna kansa ko yaran suna ina. Barin aiki ko rashin samun kuɗi ba ya raba uwa da 'ya'yanta. Mai da'awa shi ke kawo hujja, kuma "an ce wai" ba shaida ba ce. Duk da haka kada ki je kotu hannu rabbana.

Fara da tsofaffin wuraren aikin. Ki je da kanki, cikin ladabi, ki nemi takarda mai ɗauke da hatiminsu da ke nuna ranar da kika fara, ranar da kika bari da dalili. Ki tambayi wanda ya yi magana da shi: yaushe ya zo, me ya faɗa da bakinsa, su wa suka ji, kuma za su yarda su maimaita a gaban alƙali? Nan ne yawancin irin wannan ƙara ke mutuwa, domin mutum zai ba ki labari a zaure amma ya noƙe idan aka ambaci kotu. Idan haka ta faru, kotu tana iya aika masa sammaci. In saƙo ya tura musu ta WhatsApp, a ɗauki hotonsa yadda lamba da kwanan wata za su fito, kuma kada a goge na asali. Babbar Kotun Jiha tana neman takardar tabbaci a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kafin ta karɓi irin wannan hujja.

Bayan nan lauyanki ya rubuta masa wasiƙar gargaɗi cewa ya daina, ya kuma janye maganar a rubuce cikin kwana 7 ko 14. Sau da yawa wannan ya isa. Lauyan ya kuma rubuta wa wuraren aikin cewa kada su ba kowa fayil ɗinki sai da umarnin kotu. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta ɗora musu wannan nauyi, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya kare sirrin ɗan ƙasa.

Idan bai daina ba, kina iya shigar da ƙarar ɓata suna a Babbar Kotun Jiha ki nemi diyya da umarnin hana shi ci gaba. Jingina wa mutum sata babban abu ne, ko da baki aka faɗa. Amma ki gaya wa lauyanki gaskiya tun farko: in har abin da ya faɗa ya faru, gaskiya kariya ce gare shi, ƙarar kuma za ta ƙara tona abin da kike son rufewa. Haka nan abin da ya faɗa a cikin kotu yayin shari'a ba a ƙararsa a kai; a can za ki rushe shi da shaidu. Ɓata suna laifi ne kuma a dokar hukunta laifuka ta Penal Code, don haka kina iya kai ƙorafi Kotun Majistare. In ya taɓa mutuncinki da zargin zina, wannan ƙazafi ne, hukuncinsa daban. In abin ya kai ga bibiya da barazana, dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta Jihar Kaduna ta ba ki damar neman umarnin kariya.

Shawarata ita ce ki sa ƙarfinki a shari'ar riƙon yaran, domin ƙarar ɓata suna tana cin kuɗi da lokaci. Ki sanar da alƙali abin da yake yi, ki roƙi a ja masa kunne. Ki tara rasit na kuɗin makaranta, katin asibiti, sakamakon jarrabawa, da maƙwabta biyu masu mutunci da suka san yadda kike riƙe da yaran. Kada ki rama a Facebook, kada ki hana shi ganin 'ya'yansa ba da umarnin kotu ba, kuma kada ki tashi da su zuwa gari mai nisa ana cikin shari'a, domin duk waɗannan zai yi hujja da su a kanki.

In kuɗin lauya ya gagara, ki nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Kaduna, ko ki leƙa Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, inda suke da sashen ba da shawara kyauta. Ki tafi da takardar saki, sammacin da aka kawo miki, da takardun haihuwar yaran.